Ranar da Na Kira Sunan Surukina a Aji

Har gobe akwai matan da idan na wuce su a gidan biki a Fassi sai su taɓa juna, wata ta ce wa 'yar'uwarta ƙasa-ƙasa, "Ita ce fa wadda ta kira sunan." Ina jin su sarai. Ba na waiwayawa, ba na kuma sunkuyar da kai. Ni ce ɗin, na kira, kuma da za a mayar da ni wannan safiyar sai na sake kira.

Ni 'yar Rano ce, aure ne ya kawo ni ƙasar Kibiya, na zo da takardar koyarwata a ƙasan akwati. Surukina ban same shi da rai ba. Manomi ne, kuma malamin zaure, rabin mazan unguwar a gabansa suka fara riƙe allo. Bayan rasuwarsa da 'yan kwanaki matar yayan mijina, wato facalata, ta haifi ɗa namiji, aka mayar wa yaron da sunan marigayin. Daga ranar suna aka rufe wannan sunan a gidan. Surukata, wadda muke kira Inna, ba za ta faɗi sunan mijinta ba. 'Ya'yanta ba za su faɗi sunan ubansu ba. Mu matan 'ya'ya kuwa ai ko a mafarki. Sai kowa ya koma kiran yaron Baba.

Washegarin da aka kai ni, aka turo shi ɗakina yana ɗan shekara huɗu, majina har leɓe, aka ce, "Amarya, ga surukinki nan, sai ki gaishe shi." Na durƙusa ana ta dariya, na ce, "Baba, ina kwana?" Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Lafiya lau, amarya. Ba ni cincin." Na ba shi. Daga nan abin ya zama wasanmu na kullum, in durƙusa, ya amsa, in miƙa masa wani abu. Saboda haka ba zan ɗora wa mutanen gidan laifi in zare kaina ba. Da hannuna a cikin ɓata yaron nan, kuma a lokacin daɗi nake ji, don duk ranar da na durƙusa masa sai in ga fuskar Inna ta washe.

Inna ce babbar garkuwarsa. Maigida take ce masa. Idan ya fasa tulu ta ce, "Ku bar shi, gidansa ne." Idan ya kwance akuya ta cinye waken da aka shanya, ta ce, "To wakensa ne ai." Uwar da ta haife shi ma in za ta ɗan zungure shi sai ta ja shi bayan rumbu, ta toshe masa baki.

Da na samu aikin koyarwa a firamaren da ke kusa da mu, a ƙananan azuzuwa na fara. Sai a shekara ta uku aka ba ni aji huɗu, yara sun fi saba'in, wasu a kan benci wasu a ƙasa. Na yi murna ƙwarai, don kafin ni ba a taɓa ba mace babban aji a makarantar ba. Ranar farko na buɗe rajista ina kiran suna ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa, "Ga ni, Malama." Ina zuwa lamba goma sha bakwai sai na tsaya cak. Sunan surukina ne a rubuce, ɓaro-ɓaro. Na ɗaga kai, ga shi can a bencin baya ya harɗe ƙafa yana jira. Na ce, "Baba."

Ya ce, "Lafiya lau, amarya."

Ajin ya ɗauki dariya har wasu suna dukan benci. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Malaman da suka riƙe shi kafin ni 'yan garin ne, almajiran marigayin ne a da, su ma Baba suke ce masa, kowace shekara su tura shi aji na gaba ba tare da sun takura masa ba. Amma su maza ne, kuma bai taɓa ganin gwiwarsu a ƙasa ba. Ni ya gani.

Washegari na sauya dabara, na ce, "Lamba goma sha bakwai." Ya juya yana kallon taga. Na maimaita. Ya ce, "Malama, ni ban ji an kira ni ba." Yaron yana da wayo, wannan ban taɓa hana masa ba.

Tsarin makarantar kuwa shi ne monita ya rubuta sunayen masu surutu da masu tsokana a takarda, malami ya karanta da ƙarfi, duk wanda ya ji sunansa ya fito ya durƙusa a gaban allo. Monitan nawa, shi ma ɗan duniya ne, kullum sunan Baba yake sawa a farko, don ya ga yadda zan yi. Sai in tsallake na farkon in fara daga na biyu. Yara ba wawaye ba ne. Cikin mako biyu duk wanda na ce ya fito sai ya tsaya ya ce, "Malama, shi fa?" In na ce, "Kai, fito!" maza arba'in su waiwayo, shi kaɗai ne ba zai waiwayo ba. Wani har ya ce mini shi ma sunan kakansa gare shi, don haka a bar shi ya zauna. Yaron nan kuma ya samu fili. Ya sa wa mata fara a jaka, ya fice ta taga ya dawo da mangwaro, ya kwashe alli ya raba wa abokansa. In na juya baya ina rubutu, ya miƙe yana kwaikwayon yadda nake durƙusa masa a gida.

Sau ɗaya na kai shi wurin hedimasta. Shi mutumin Rurum ne, ba ruwansa da zauren marigayi, ya zuba masa bulala huɗu. Da na koma gida na tarar Inna ta kwantar da shi a cinya tana shafa masa man shanu. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Da ke a wurin aka daki Maigida?" Washegari ya dawo aji ya fi jiya taƙama, yana nuna wa yara shatin bulalar yana dariya.

Ana cikin haka hedimasta ya kira ni ofis. Ya ce, "Malama, ajinki ya zama kasuwa. Daga nan nake jiyo su. Ina ba ki zuwa ƙarshen zangon nan. In bai gyaru ba zan karɓe shi in ba namiji, ke ki koma taya masu aji ɗaya zaunar da yara." Na san abin da hakan yake nufi. Yayan mijina dama tun farko yake cewa mace ba ta riƙe manyan yara, aikin ma ɓata lokaci ne. Ranar da aka karɓe ajin, ranar za a ce mini tun da na kasa in zauna a gida kamar kowace mace. Na kai wa mijina kuka, ya yi dariya ya ce, "Ki ɗan lallaɓa shi mana, ai Baba ne."

Akwai wata yarinya a ajin, 'yar Fulani ce, daga ruga take tahowa a ƙafa, 'yar ƙarama da ita kamar a hure, amma ba wanda ya kai ta lissafi. A gaban bencin Baba take zama. Wata safiya na rubuta lissafi a allo na ce wa zai fito, ta ɗaga hannu, na kira ta. Ashe ya ƙulle bakin hijabinta a ƙafar benci. Tana zabura da ɗoki hijabin ya fizgo ta, ta faɗi, bakinta ya daki gefen bencin gaba. Jini ya ɓalle, haƙorinta ya ɓantare.

Na daka tsawa, "Wa ya yi wannan?"

Idanu duka suka koma wuri ɗaya. Yana zaune yana ɓare gyaɗa.

Na ce, "Baba, taso!"

Ya watsa gyaɗa a baki ya ce, "Malama, ai a gida ke kike tasowa ki zo wurina."

Wasu suka ƙunshe dariya. Sai yarinyar, tana dafe da baki, jini yana bin yatsunta, ta ce, "Malama, ƙyale shi kawai. Ai ba ki iya kiran sunansa ba."

Ba rashin kunya ta yi mini ba, da ma shi ne da sauƙi. Tausayina ta ji. Yarinya 'yar shekara tara, an fasa mata baki a gabana, ita ce take ba ni haƙuri don ta san ba abin da zan iya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba kunyar suruki ba ce. Na ji na tsani kaina.

Na fita da ita na wanke mata baki, na dawo na zaunar da ita a kujerata. Na ɗauko rajista, alhali na riga na kira da safe, na ce, "Za mu sake kiran suna." Na fara daga lamba ɗaya. Ina zuwa goma sha biyar na ji ajin ya fara yin tsit, don sun ga fuskata. Sha shida ya amsa. Na ja numfashi na kira sunan, cikakke, haɗe da na mahaifinsa, yadda yake a rubuce, da muryar da na tabbata 'yan aji biyar ma sun ji.

Gyaɗar da ke hannunsa ta zube. Ya waiga hagu da dama yana neman wanda zai taya shi dariya, bai samu ba. Na sake kira. Ya miƙe a hankali ya ce, "Na'am."

Na ce, "Yadda kowa yake amsawa."

Ya ce, "Ga ni, Malama."

Ban tsaya a kansa ba. Na wuce sha takwas, sha tara, har na kai ƙarshe, shi kuma yana tsaye bai san ko ya zauna ba. Ina ganin wannan ya fi yi masa ciwo a kan kiran, wai a kira shi a wuce kamar kowa. Ban taɓa shi da bulala ba. Na sa ya durƙusa a gaban allo, ya ba yarinyar haƙuri da bakinsa, na kuma ce sharar aji ta mako guda tasa ce, hukuncin duk wanda ya ji wa wani ciwo. Na miƙa masa alli na ce ya rubuta sunansa a gefen allo, inda ake rubuta masu shara.

Ya daɗe yana riƙe da allin. Can ya rubuta "Baba", harufan a karkace. Na ce, "Sunanka na ce." Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, ya ce a hankali, "Ban iya ba." Shekara huɗu yana zuwa makaranta. Duk gari an taru ana tsare masa suna, ba wanda ya koya masa yadda ake rubuta shi. A nan sauran 'yar kunyar da ta rage mini ta fita. Na karɓi allin na rubuta masa da manyan haruffa, na ce kafin a tashi hutun tara ya kwafa sau goma.

Labari ya riga ni isa gida. Na tarar Inna a ƙofar ɗakinta tana tsince wake a faifai, matan gidan kowa ta shige ɗaki ta bar labule a ɗage. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "An ce yau kin kira sunan uban mijinki a gaban 'ya'yan mutane. Gatsal. Har da ɗaga murya."

Na ce, "Sunan ɗalibina na kira, Inna."

"Ni da na yi zaman aure da shi har gashina ya yi fari, bakina bai taɓa faɗa ba. Sai ke, da kika zo jiya? Haka ake yi a Ranon?"

Wannan ta yi mini zafi, don gidanmu ma mun san alkunya, uwata har ta rasu ba ta kira sunan ɗan farinta ba. Na ce, "Inna, Malam yana makwancinsa, Allah Ya ji ƙansa, ban taɓa shi ba. Wanda na kira yau ya fasa wa 'yar mutane baki. Kuma sunan da kuke tsare masa ko rubutawa bai iya ba."

Ta ajiye faifan ta ce, "To gobe fa?"

Na ce, "Gobe ma zan kira."

Da yamma na kai mata tuwo, kwanon ya dawo a rufe yadda na kai shi. Washegari ma haka. Na gaishe ta da safe, ta ci gaba da jan carbinta. Mijina ya ce in je in ba ta haƙuri in yi alkawarin ba zan ƙara ba. Na je, na ba ta haƙurin ɓacin ran da na sa ta, alkawarin kuwa ban yi ba. Yayan mijina ya ce dama abin da boko yake koya wa mace ke nan. Na ji, na ɗauki jakata na tafi aiki.

Kada a ɗauka dutse ce ni. Matar nan ita ta yi mini wankan jego da hannunta lokacin haihuwata ta fari, ita ta dinga dama mini kunun kanwa tana tsare ni sai na shanye. Ina son ta. Na sha kuka a madafi, in ɗora wa hayaƙi laifi. Amma kullum na ɗauki kwanon da ya dawo a rufe sai in tuna yatsun yarinyar nan da jini, washegari in sake zuba tuwo in kai, in kuma je aji in kira sunan.

Facalata ba ta ce mini komai ba sai wata rana muna daka tare. Ta tsayar da taɓarya, ta duba ba kowa, ta ce, "Ni da na haife shi ban taɓa kira ba ko sau ɗaya. Wai ya yake a baki?" Na ce, "Kamar kowane suna." Ta yi 'yar dariya ta share ido da gefen zani, muka ci gaba da daka.

Ba zan yi ƙarya in ce yaron ya zama waliyyi ba. Ya ci gaba da tsokana, sunansa bai daina shiga takardar monita ba. Sai dai yanzu daga na farko nake fara karantawa, ya fito ya durƙusa tare da sauran. "Malama, shi fa?" ta mutu a ajin, kuma da ta mutu sai na samu kan yaran. Yarinyar ruga ta ci gaba da zuwa da ɓantararren haƙorinta, na mayar da ita bencin gaba. A gida kuwa na daina durƙusa masa, amma ban daina ce masa Baba ba. Da zango ya ƙare hedimasta bai yaba mini ba, bai kuma karɓe ajin ba. Ya dai miƙo mini takardun sakamako ya ce in cike.

Ranar da aka ba da hutu yaron ya kawo tasa takardar gida. Yana can kusa da ƙarshe, amma a kan kowace takardar jarrabawa da hannunsa ya rubuta sunansa. Ya kai wa Inna. Ita ba ta karanta boko. Ta jujjuya takardar, sannan ta ɗaga murya ta ce, "Ke. Zo ki karanta mini." Maganarta ta farko ke nan gare ni cikin kusan wata uku.

Na zo na durƙusa na karɓa. Na fara, "Lissafi..."

Ta ce, "A'a. Tun daga sama."

A saman takardar sunan ne. Har yau ban san abin da take nufi ba. Ko tarko ne, ta ga in zan iya faɗa a gaban idonta. Ko kuwa ta gaji ne, shekara goma ba ta ji an ambaci sunan mijinta a tsakar gidansa ba. Matan gidan sun fito bakin ƙofa suna jira.

Na ce, "Inna, nan gida ne. A gida sunan surukina ne, bakina ba zai faɗa ba. A aji nake kira, kuma in an koma zan ci gaba. Ga mai sunan nan, ya karanta miki da kansa."

Na miƙa masa takardar. Ya ɗora yatsa a kan layin farko, ya bi harafi-harafi, ya haɗa, ya faɗi sunan. Ya sake faɗa, a karo na biyu ba tare da ya duba ba. Inna ta jawo mayafinta ta rufe fuska, kafaɗunta suna motsi. Na tashi na koma madafi, don miyata tana kan wuta.

Da yamma kwanon ya dawo a wanke. Har Inna ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa ta yafe mini kiran ba, ni ma ban taɓa roƙon ta yafe wannan ba, ko da yake na roƙe ta gafarar abubuwa da yawa. Ranar da aka dawo daga hutu na buɗe rajista, na zo lamba goma sha bakwai, na kira shi da ƙarfi. Ya miƙe ya ce, "Ga ni, Malama," na wuce sha takwas.